Tsohuwar jif tana yawo a kan titi: tambayoyin da ake yawan yi mana da amsoshinsu

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ko Pajero garejinmu a nan Kaduna da ƙorafi iri ɗaya ba: motar ba ta tsayawa a layi, direba na ta fama da sitiyari, kuma an riga an kai ta alaimen har sau biyu ko uku. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su yadda nake amsawa idan mai mota yana tsaye a gabana.

Oga, motata ba ta tafiya sak, amma na rasa yadda zan kwatanta maka. Me zan lura da shi?

Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, alhali kowanne da inda ake neman sa.

Akwai ja. Ka sassauta hannu, mota ta nufi gefe guda, kullum kuma gefen nan dai. Akwai yawo, wato ta ɗan yi dama, ka gyara, ta ɗan yi hagu, ka sake gyarawa, kafin ka kai Zariya daga Kawo kafaɗunka sun yi tsami kamar ka yi wunin noma. Sannan akwai karkarwa, inda sitiyari ke kaɗawa a hannunka, wani lokaci da ƙarfin da sai ka taka birki ka kusa tsayawa kafin ta lafa.

Kafin ka zo wurin bakanike, ka san wanne ne naka, da gudun da yake farawa, da ko yana ƙaruwa in ka taka birki ko in mota na ɗauke da kaya. Wannan bayanin kaɗai yana rage mana rabin aiki.

Na kai ta alaimen sau uku, ba ta daina ba. Masu alaimen ɗin ne ba su iya ba?

Ba lallai ba ne. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Alaimen saita kusurwar tayoyi ne, kuma ba a saita abin da ke motsi. Idan akwai sako-sako a tayarod, wato sandar da ke juya tayoyin gaba tare, ko a bushin, robar da ke cikin gaɓoɓin ƙasan mota, na'ura za ta nuna lamba mai kyau muddin mota na tsaye a kanta, amma da zarar ka sauko ka faɗa ramin farko a bayan gari, tayoyin sun koma inda suka ga dama. Shi ya sa nake cewa alaimen shi ne aikin ƙarshe. Taya tukuna, sai a nemo sako-sako a kawar da shi, sai a duba tsayin mota da sifirin, sannan a je na'ura.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa masu mota ba. A jif mai aksil guda a gaba, irin su Land Cruiser 70 da 80 da 105, da Patrol, da Defender, da tsohuwar Hilux mai sifirin faifai, abin da ake iya juyawa da sifana a wurin alaimen guda ɗaya ne kacal: yadda gaban tayoyin ke tsukewa ko buɗewa, abin da suke kira to-in. Sauran kusurwoyin a jikin ƙarfen suke. To idan matsalarka ba ta to-in ba ce, ko sau goma ka biya, haka za ka dawo.

To ta ina zan fara, ni da ba bakanike ba?

Ta taya, don ita ce ta fi araha kuma ita ce aka fi rainawa. Ka sayi gejin iska naka na kanka ka ajiye a mota. Masu faci da yawa, in suka ga babbar taya, sai su ɗura mata iska har 50 ko 60, wai jif ce. Tayar da ta cika da iska tsakiyarta kaɗai ke taɓa kwalta, sai motar ta riƙa yin kamar tana tafiya a kan ƙwai. Adadin da kamfani ya tsara yana nan a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗauki zafi.

Sannan ka tsuguna ka karanta jikin tayoyin huɗu. Girmansu ɗaya? Zanensu ɗaya? Na sha ganin mota da tayar laka a dama, tayar kwalta a hagu, mai ita kuma yana neman laifin sitiyari. Ka duba shekarunsu ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi tayar, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayoyin gwanjo da yawa zanensu na nan raɗau amma wayar cikinsu ta saki, kuma irin wannan tayar tana jan mota ko da komai na ƙasa sabo ne.

Gwaji mai sauƙi: musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Idan jan ya sauya gefe ko ya ɓace, ka kama ɓarawonka.

Yaya ake gano sako-sakon da kake faɗa?

Nan ne ainihin aikin, kuma bai buƙatar na'ura. Mutum biyu yake buƙata da fitila.

A ajiye mota a ƙasa mai tauri, tayoyi a ƙasa, ba a kan jak ba. Wannan yana da muhimmanci, domin nauyin motar ne ke riƙe tayoyin har sako-sakon ya bayyana. A ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Mutum ɗaya ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu, kaɗan-kaɗan amma da ɗan ƙarfi, ba tsayawa. Kai kuma ka kwanta a gaba ka bi motsin daga sama har ƙasa.

Ka fara da sandar da ta sauko daga sitiyari zuwa akwatinsa. Tana da 'yar gaɓa a tsakiya wadda ke ci, kuma an fi mantawa da ita. Daga nan ka dubi akwatin sitiyarin: sandar da ke shiga tana juyawa amma hannun da ke fita a ƙasa yana jinkiri? Akwatin da kansa yana motsi a jikin shasi? Ka goge laka da mai a wurin ka haska sosai, domin a motocin da suka sha babbar taya da gargada, shasi kan tsage daidai kusa da notukan akwatin. Sai ka bi kowane kan tayarod da na diraglin, wato sandar da ta taso daga hannun akwatin zuwa taya, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka dogara da ido kaɗai. Ka dafa gaɓar da tafin hannunka. Idan akwai rata za ka ji wani ɗan ƙas-ƙas a yatsunka tun kafin ido ya gani. Gaɓa mai lafiya tana juyawa ne, ba ta tsalle sama da ƙasa.

A mota mai sifirin nadi da aksil guda akwai wata sanda da ta gitta daga shasi zuwa aksil, ana ce mata fanhad. Ita ce ke hana aksil zamewa gefe. Idan bushinta ya mutu, za ka ga jikin motar gaba ɗaya na yin gefe kafin taya ta motsa. A bara wani bawan Allah ya kawo mana Land Cruiser 80 da yake zuwa gona da ita ta hanyar Kachiya. Ya canza tayarod, ya canza damfar sitiyari, ya yi alaimen sau uku. Muka sa yaro ya kaɗa sitiyari, ko minti biyu ba a yi ba muka ga notin fanhad yana wasa a raminsa, ramin ya zama kamar ƙwai don daɗewa yana ci. Na ce masa, Alhaji, tsuguno ka gani da idonka. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Aka gyara ramin, aka sa sabon bushin da noti, motar ta miƙe.

A Land Cruiser kada a tashi ba a gwada notukan nan huɗu da ke riƙe hannun sitiyari a jikin kan aksil ba. Suna kwancewa a hankali, kuma in suka karye a kan gudu, sitiyari ya rabu da taya ke nan.

Bayan wannan sai a ɗaga mota a jak, a sa mata madogara mai ƙarfi. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji motsi, ka ce a taka birki ka sake girgizawa: idan ya ɓace, boris ɗin ƙafa ne; idan yana nan, kimfin ne ko boljoyin, wato gaɓoɓin da tayar gaba ke juyawa a kansu. Sai ka kama ta dama da hagu, wannan kuma tayarod yake tonawa.

Wasa nawa ne ya halatta a sitiyari?

Tsohuwar jif mai akwatin sitiyari ba za ta taɓa zama kamar ƙaramar mota ba. Idan tayoyi na kallon gaba, inji na aiki, bakin sitiyari ya motsa kamar faɗin yatsa biyu, wato santimita 3 zuwa 4, kafin taya ta amsa, wannan ba laifi. In ya kai faɗin tafin hannu, akwai magana.

An ce min a ɗaure notin da ke saman akwatin sitiyari, wasan zai tafi. Gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki, amma wannan notin ya lalata akwatuna da yawa a garin nan. Ana taɓa shi ne bayan an tabbatar sauran gaɓoɓin lafiya lau suke. An ƙera akwatin ne ya fi tsukewa a tsakiya, inda mota ke tafiya sak, kuma nan ne ya fi ci saboda nan ya fi aiki. Idan aka ɗaure da yawa, sitiyari zai yi tauri, ya daina komowa da kansa bayan kwana, sai yawon ya fi na da, domin yanzu duk inda ka ajiye shi nan yake maƙalewa. Ana juya shi kaɗan ne, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaga gaban mota, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko yana kamawa a wani wuri, sannan a ƙara in da buƙata. Idan an yi haka sau biyu ko uku wasan bai ragu ba, cikin akwatin ya gama. A sake masa kayan ciki ko a nemi wani mai lafiya a kasuwar Panteka, a gwada shi da hannu kafin a biya.

Tun da na ɗaga motar na sa manyan tayoyi ta fara yawo. Me ya haɗa su?

Kasta. Dubi keke: ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ba a tsaye yake cak ba, samansa ya kwanta baya. Wannan kwanciyar ce ke sa yaro ya saki hannu keke ya ci gaba da tafiya sak. Mota ma haka take, ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kanta ta ɗan kwanta baya da digiri kaɗan, a Land Cruiser 80 wajen digiri 3. Ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana.

Idan ka sa sifirin mai tsayi, hannuwan da ke riƙe aksil suna sunkuyawa, aksil ya mirgina gaba, kasta ta ragu. Ɗagawar inci biyu kaɗai na iya cinye mafi yawanta. A masu sifirin faifai irin Land Cruiser 60, dogayen shakul, wato maratayan sifirin, da ake sawa a gaba suna yin irin wannan ɓarnar. Alamar ba ta ɓuya: sitiyari ya yi sauƙi fiye da kima, mota na bin duk wani kwari da tireloli suka yi a kwalta, kuma in ka fito daga shataletale sai ka mayar da sitiyarin da hannunka.

Gyaran ba a wurin tayarod yake ba. Mai sifirin nadi ana sa mata bushin na musamman da raminsa ya goce daga tsakiya, ko faranti na gyaran kasta. Mai sifirin faifai kuma ana sa mata wani siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya tsakanin sifirin da aksil. Na ƙarfe nake so, na alminiyom yana fashewa. Idan kuma ba wani dalili mai ƙarfi ya sa aka ɗaga motar ba, ni shawarata a mayar da ita tsayinta na asali. In ka je alaimen, ka ce su nuna maka lambar kasta ta kowane gefe ko da ba za su iya gyara ta ba.

Na taka rami a bayan gari, sitiyari ya kama karkarwa kamar zai fizge daga hannuna. Damfa ce ta mutu?

Allah ya kiyaye gaba. In ta sake faruwa, ka riƙe sitiyari da kyau ba tare da kokawa da shi ba, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka rage gudu a hankali har ta lafa. Kada ka hau hanyar Abuja da motar nan sai an duba ta.

Damfa, wato ɗan shokozoban da ke kwance a jikin sandar sitiyari, tana rage bugun da ke zuwa hannunka ne kawai. Sabuwa za ta iya ɓoye ciwon na wata ɗaya ko biyu, yana kuma ci gaba da ci a ƙasa. Mota mai lafiya ba ta yin wannan karkarwar ko da an cire mata damfa. A duba fanhad, da kan tayarod, da balansin tayoyi, da wili ko ya lanƙwashe, musamman kuma boris ɗin kimfin. Su waɗannan ana ɗaure su ne da wani ɗan tauri da ake saitawa da siraran faranti, a auna da ma'aunin rataye. In suka ci, taurin ya tafi, taya ta samu damar kaɗawa. Idan ka ga baƙin mai haɗe da giris yana zuba a ƙwallon kan aksil, lokacin buɗe shi ya yi. Motar da ke ratsa ruwa da damina, wurin nan ya fi saurin lalacewa, domin ruwa da yashi na shiga su gauraya da giris.

Karkarwar da ke zuwa a wani gudu ta wuce in ka ƙara ko ka rage, wannan yawanci balansin ne, ko busasshiyar laka da ta maƙale a cikin wili. Wanke ta tukuna.

Tana ja zuwa dama kaɗan. Matsala ce?

Titi ana yin sa da gangare zuwa gefe don ruwa ya sauka, mu kuma a dama muke tuƙi, don haka ɗan zamewa dama a hankali ba komai ba ne. Ka gwada ta a fili mai shimfiɗa. In har tana ja, bayan taya sai birki: yi tafiyar minti goma, ka tsaya ka kusanta hannu da kowane wili, wanda ya fi zafi birkinsa na kamawa. Sai a auna tazarar tayar gaba da ta baya a gefen dama da na hagu. Idan sun bambanta, mai yiwuwa notin tsakiyar sifirin faifai ya karye aksil ya goce, ko shasi ya taɓa bugu. Irin wannan motar in ka biyo ta a baya za ka ga tana tafiya a karkace.

Tawa Pajero ce, ba ta da aksil guda. Duk wannan ya shafe ni?

Mafi yawansa. Bambancin shi ne, a nan kowace ƙafa da hannuwanta, sai a ƙara da duba boljoyin na sama da na ƙasa da bushin hannuwan. Tsofaffin Pajero da Hilux masu irin wannan ƙafar suna da wani hannu a gefen fasinja da ake kira aidila, yana saurin ci, kuma shi kaɗai ya isa ya sa mota yawo. Land Cruiser 100 kuma rak gare ta a madadin akwatin sitiyari, a duba bushin da ke riƙe rak ɗin da gaɓoɓin ciki da ke ƙarƙashin roba. Waɗannan motocin a kan sandar murɗa gabansu yake zaune, tana kuma saki da shekaru; a daidaita tsayin gefe biyu kafin alaimen. Su kam ana iya saita musu kasta da kamba, wato jinginar taya ciki ko waje, don haka alaimen ɗin kirki yana yi musu amfani sosai.

Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu fa?

Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta zo da sitiyari a dama sai an juya ta. Akwai masu yin aikin da kyau, da kayan asali na hannun hagu. Akwai kuma inda ake yanke maƙalar akwati da ta fanhad a yi musu walda da ƙiyasi. A aksil guda, diraglin da fanhad dole su kwanta kusan a layi ɗaya; in suka saɓa, duk lokacin da mota ta hau tudu ko ta faɗa rami sai sitiyari ya juya da kansa. Wannan ba alaimen ɗin da zai gyara shi. Kafin ka sayi tsohuwar jif, ka sa a shiga ƙarƙashinta a nemi sawun yanka da walda a jikin shasi.

Bakanikena ya ce zai bubbuge kan tayarod ya tsuke, ba sai na sayi sabo ba. In yarda?

Kada ka yarda, don Allah. Ana bugun kwanon da guduma ko a cusa masa roba, ya yi tauri na mako biyu, alhali ƙwallon ciki ya riga ya sirance. Ranar da ya fice, ba ya sallama. Haka ma tayarod da ta lanƙwashe a kan kututture, ba a gasa ta da wuta a miƙe, ba a kuma yi mata walda. Iyalinka ke shiga motar nan. Na san kayan asali sun yi tsada, kuma jabu sun cika kasuwa a cikin kwali mai kyau; in kuɗi bai kai ba, gara na gwanjo na asali wanda ka gwada da hannu ka ji yana da tauri, robarsa ba ta yage ba.

An gama gyara, an yi alaimen, amma sitiyarin ya karkace. A cire shi a mayar daidai?

A'a. In aka zare sitiyari aka juya shi, ido zai ga daidai, amma akwatin ya bar tsakiyarsa, kana tafiya sak a wurin da yake da wasa, yawon ya dawo. A aksil guda tayarod ce ke saita to-in, diraglin kuma ita ke daidaita sitiyari. A kwance maɗaurinta a juya ta kaɗan-kaɗan har ya zauna. Idan kana nesa da gari aka canza maka tayarod, za ka iya saita to-in da tef na awo: yi alama da alli a tsakiyar kowace taya ta gaba daidai tsayin cibiyarta, auna tsakaninsu, tura mota har alamomin su koma baya, sake aunawa. Yawancin Toyota suna son gaba ya fi baya tsukewa da milimita ɗaya zuwa uku, Defender kuma tana son daidai ko ta ɗan buɗe kaɗan. Wannan zai kawo ka gida. In an canza bushin, a ɗaure notukansa bayan an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta, sannan ka dawo bayan mako guda a sake bin su da sifana.